ƘAUNA BA A KANTI TAKE BA: A BUƊE WA IYAYE ƘOFAR AJI



A taron reshenmu na ranar kasuwa da ta wuce, wata uwa ta tashi da 'yar takarda a hannu. Ƙosai take toyawa a bakin tasha. Ɗiyarta mai shekara 4 ce ta kawo takardar daga makarantar ƙananan yara, irin wadda ake biya, an maƙala mata ita a wuyan riga. Da Faransanci anka rubuta ta. Uwar ba ta karatu, sai da ta biya wurin mai cajin salula ya fassara mata. Takardar ta ce ranar 14 ga Fabrairu za a yi bikin ƙauna a aji. Kowane yaro ya zo da jan tufa, da jikka 2, da kwalin shokola. A ƙarshe anka ƙara layi guda: iyaye su aje yara a bakin ƙofa kamar kullum, su komo ɗauka da azahar.

Sai ta dube mu ta ce: "Ku gaya mini, wace irin ƙauna ce wagga, da take son kuɗina amma ba ta son fuskata?"

Nan take taro ya rabu biyu. Waɗansu sunka ce bikin Nasara ne, a hana yara zuwa ranar. Waɗansu sunka ce ci gaba ne, a biya, kada ɗiyanmu su zama 'yan baya. Anka yi ta ja-in-ja har anka kira magariba. Kowa ya yi magana a kan ranar. Ba wanda ya yi magana a kan ƙofar. To, mu a kan ƙofar za mu yi magana, don can ne cutar take.

INDA ABIN YA FITO

Kafin mu yi faɗa a kan abu, mu san asalinsa. Ranar da Faransawa ke kira San Balantan, mu kuma muke ce mata Ranar Masoya, ta fara ne a matsayin ranar tunawa da wani Kirista da anka kashe saboda addininsa a ƙasar Rum, a ƙarni na 3. Babu soyayya a cikinta, babu fure, babu kati. Sai a ƙarshen ƙarni na 14 mawaƙan Ingila, irin su Chaucer, sunka haɗa ranar da lokacin da tsuntsaye ke neman abokan zama. A 1969 cocin Katolika da kanta ta cire ta daga babbar kalandarta, don abin da anka tabbatar game da mutumin kaɗan ne.

Wanda ya raya ranar, ɗan kasuwa ne. Da kuɗin aika wasiƙa ya yi araha a Ingila a 1840, sai buga kati ya zama sana'a. Wajen 1850 wata mata mai suna Esther Howland ta kafa aikin yin katin a garin Worcester na Amurka. Kamfanin Hallmark ya shiga sayar da shi a 1913. Ƙungiyar 'yan kantunan Amurka ta ƙiyasta cewa a 2025 mutanen ƙasar za su kashe dalar Amurka miliyan dubu 27 da rabi a kan wagga rana guda. Ku auna: wannan ya ninka kasafin kuɗin gwamnatin Nijar na shekara sukutum fiye da sau 4.

Shokolar kuwa, daga ina? Fiye da rabin kokon duniya daga Kodibuwa da Gana yake fitowa, inda 'yan'uwanmu ke zuwa ci rani. Wani bincike da Jami'ar Chicago ta fitar a 2020 ya lissafa yara wajen miliyan 1 da rabi da ke aikin wahala a gonakin koko na ƙasashen nan biyu. Ke nan yaron Afirka ya sha rana da adda a hannu, a kai kokon Turai a naɗe shi da jan takarda, a komo da shi a sayar wa mai ƙosai, a ce ta koya wa ɗiyarta ƙauna da shi. Jama'a, ina hankali a nan?

ABIN DA MASU KWAIKWAYO SUNKA MANTA

Ba mu ce duk abin da ya ƙetaro teku mugu ne ba. Mu faɗi gaskiya. A Amurka, inda wannan biki ya fi ƙarfi a azuzuwan ƙanana, akwai ƙa'ida guda mai kyau da makarantu da yawa ke bi. Malama takan aika sunayen dukan 'yan aji gida. In yaro zai kawo kati, sai ya kawo wa kowa, ba a tsame ko ɗaya. Yara sukan zauna da iyayensu su yi wa tsohon kwalin takalmi ado, ya zama akwatin karɓar saƙo. Ranar bikin kuma iyaye sukan shigo aji su kama wa malama aiki. A Finlan tun shekarun 1980 sun mai da ranar Ranar Aboki. A Gana gwamnati ta mai da ita ranar shokolar gida, don mutane su ci abin da gonarsu ta haifa.

Kun gani? Kowace ƙasa ta yanka rigar daidai jikinta. Mu kuwa, malama ta buɗe salula ta ga hotunan jajayen zukata, mai makaranta ya ga hanyar karɓar jikka 2, shi ke nan. Anka kwaso kwali da launi da kuɗi. Anka bar abu biyu masu amfani: kada a ware yaro ko ɗaya, kuma iyaye su shigo. Mun ɗauko ɓawo mun zubar da ƙwaya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ku dubi abin da zai faru a ajin ranar. Ɗan mai kanti ya zo da babban kwali. Ɗiyar mai ƙosai ta zo hannu banza, ko kuwa uwarta ta ci bashi. Yaro mai shekara 4 bai san tarihin Rum ba, amma ya san wanda anka tafa wa da wanda anka ƙyale. Darasin da zai koma gida da shi ke nan: mai kuɗi ake so. Sa'an nan a ce kowa ya zana zuciya ya rubuta wa "mama" da "papa" da harshen da ba su ji. Maraya fa? Ɗan riƙo da ke hannun gwaggonsa fa? Wanda ubansa ke Libiya ko Legas shekara 3 ba a gan shi ba fa? Wanda tashin hankali ya koro iyayensa daga ƙauyensu fa? Wa ya tuna da su?

ƘOFAR NAN TUN ZAMANIN NASARA TAKE RUFE

Layin nan na ƙarshen takarda, wanda ya ce iyaye su tsaya bakin ƙofa, ba mai makarantar ne ya ƙago shi ba. Gado ne. Ku tambayi tsofaffi yadda lakwal ta shigo ƙasar nan. Kumandan ya aika wa sarki, sarki ya aika dogari, a kamo yara kaza. Iyaye mata suna ɓoye ɗiyansu cikin rumbu da gonar gero. Wanda anka kama, an raba shi da gida ke nan. Ba a nemi shawarar uwa ba, ba a nemi ta uba ba. Lakwal ba ta zo neman ɗa don iyayensa ba, akawu da tafinta take nema wa bariki.

A cikin ajin kuma ga sambol. Wani guntun icce, ko ƙashi, ko ƙoƙon kan dabba, a rataya wa yaron da anka ji ya yi Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci. Shi kuma ya yi ta laɓe yana sauraron abokansa, don ya samu wanda zai sauke wa kayan. Wanda yamma ta riske shi da sambol a wuya, ya sha bulala. Abu biyu anka koya wa yaro da wannan: harshen uwarsa abin kunya ne, abokinsa kuma abin farauta ne. Bayan duk wannan, ranar da ƙasa ta karɓi mulkin kanta a 1960, ko yara 5 cikin 100 ba su cikin lakwal.

Nasara ya tafi, ƙofar ta zauna a rufe. Har yau uwa in ta zo lakwal sai ta tsuguna daga nesa kamar mai ƙara a kotu. Ba a kiran uba sai in ɗansa ya yi laifi ko kuɗi sun makara. Makarantar da ke haka, ko ta yi bikin ƙauna sau 10 a shekara, wasan kwaikwayo take yi.

WAƊANDA SUNKA ƘAGO MAKARANTAR ƘANANA, ME SUNKA YI?

Masu rufe ƙofa suna cewa haka ake yi a ƙasashen da sunka ci gaba. Ƙarya ne. Ga tarihi.

Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya raɗa wa irin wagga makaranta suna "lambun yara" a 1840, daga cinyar uwa ya faro. A 1844 ya buga littafin waƙoƙi da wasannin da uwa ke yi da jaririnta, don ya ce nan ne karatu ke tsiro.

Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a 1907 a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum. Malamar a cikin gidan hayar da iyayen ke zaune take kwana. Dokar makarantar ta ba kowace uwa damar zama da malama aƙalla sau ɗaya a mako, su yi maganar yaron. Yau ana rubuta sunan Montessori a allon bakin hanya don a ƙara kuɗi, amma an manta da wannan doka.

A 1945, yaƙin duniya na ƙarewa, talakawan ƙauyen Villa Cella kusa da Reggio Emilia a Italiya sunka sayar da tankar yaƙi da motoci da dawakin da sojan Jamus sunka bari. Sunka tsinto tubali daga gidajen da bam ya rushe, maza da mata, sunka gina wa ɗiyansu makaranta da hannunsu. Wani matashin malami, Loris Malaguzzi, ya je kallo, sai ya zauna. Yau daga ko'ina cikin duniya ake zuwa koyon aiki a makarantun garin. Manoma da 'yan ƙwadago ne sunka fara, irinku.

A Amurka, daga 1962 zuwa 1967, anka yi gwaji a makarantar Perry ta garin Ypsilanti da yara 123 'ya'yan baƙar fata matalauta. Anka sa 58 a aji da safe, kuma kowane mako malama ta tafi gidan yaro ta zauna da uwarsa awa 1 da rabi. Anka bi sawunsu har shekara 40. Waɗanda sunka samu wannan sun fi sauran gama sakandare, sun fi su samun kuɗi, kuma ba a kama su da laifi kamar sauran ba. Shirin Head Start da gwamnatin ƙasar ta kafa a 1965 don 'ya'yan matalauta, dokarsa ta ce iyaye ne za su fi yawa a majalisar da ke duba shi.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Jamaika. A 1986 da 1987 a birnin Kingston anka ɗauki yara 129 waɗanda rashin abinci ya tsumbure su. Waɗansu anka ba su madara. Waɗansu kuma ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu awa 1 a mako har shekara 2, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yaba masa, da kayan wasan da anka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara 20, waɗanda anka yi wa ziyara sun fi waɗanda ba a yi wa ba samun kuɗi da kashi 25 cikin 100. Madarar kaɗai ba ta bar irin wannan alama ba.

Ku lura da kyau. A duk waɗannan babu jan tufa, babu shokola. Uwa ce, da malama, da yaro, a tabarma guda.

IN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

Yanzu mu juyo kanmu, don wannan takarda ba ta san son kai ba.

'Yan'uwa da kunka ce a hana yara zuwa ranar, mun ji ku. Hukuncin bikin a addini na malamai ne, ba mu shiga gonarsu. Amma muna tambayarku: ranar 15 ga wata fa? Ranar 16 fa? Wane ne cikinku ya san sunan malamar ɗansa? Wane ne ya taɓa leƙa ajin ya ga ko akwai randar ruwa, ko akwai makewayi, ko yara nawa ne ke cushe cikin rumfar kara? Tsine wa bikin Nasara abu ne mai sauƙi, ana yinsa daga kan benci a gindin bedi ana shan shayi. Tashi a je lakwal shi ne aiki. Wanda ya bar gonarsa ba shuka, kada ya zagi ciyawa.

Ku maza musamman. Kun mai da makarantar ƙanana zancen mata. In an kira taron iyaye, ku ce kuna kasuwa. In an zo zaɓen shugaban kwamiti mai riƙe kuɗi, sai ga ku da babbar riga a sahun gaba.

Akwai kuma alkunya. Mu mutane ne da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, uba ba ya wasa da ɗansa gaban mutane. Ba mu ce a zubar da kunya ba, ado ce. Amma kakanninmu da sunka kafa ta ba su bar yaro cikin sanyi ba. In uwa ta kau da kai, ga kaka tana kiransa mijinta tana tsokanarsa, ga gwaggo, ga kawu, ga inna, ga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare. Yau gidajen sun watse. Kaka tana ƙauye, uba yana ci rani, uwa tana bakin kasko tun asuba, yaro yana gaban salula. Kunyar ta saura, masu cike gurbin sun tafi. Ta wannan ɓaraka ɗan kasuwa ya shigo da kwalinsa.

Alhali ba mu rasa abin koyarwa ba. Muna da zumunci, wanda Bahaushe ya ce a ƙafa yake. Muna da ciyayya tsakanin maƙwabta. Muna da yawon Sallah da gaishe da marar lafiya da barkar haihuwa. Muna da wasan taubasai da barkwanci tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Duniya ta zo ta yaba abinmu, mu kuwa muna sayen zuciyar kwali.

AMSA GA MASU UZURI

Malama za ta ce: in iyaye sun shigo aji, hayaniya za su kawo, su yi ta gyara mini aiki. 'Yar'uwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mun san wahalarki. Mun san yaran sun yi miki yawa, albashi kaɗan ne, wani wata ma ya makara. Don haka ne muke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwar da ta ga aikinki da idonta, ita za ta tsaya miki ranar da mai makaranta ya danne haƙƙinki.

Uwa za ta ce: ni ban yi lakwal ba, me zan koyar? Inna, ke ce kinka koya masa tafiya da magana, waɗanda sun fi duk abin da ke cikin littafi wuya. Kin iya ƙirga canji. Kin san sunan kowane hatsi da kowane ganye. Kin iya waƙar daka da ta reno. Yaro mai shekara 4 ba digiri yake nema ba, mai yi masa magana da harshen da yake ji yake nema.

Uba zai ce: ba ni da lokaci. Baba, awa 1 a wata 3 muke roƙo. Ka fi haka daɗewa wurin cinikin akuya.

Mai makaranta zai ce: Faransanci iyaye ke biya don ɗiyansu su ji. Mu kuma mu ce ya karanta dokar ƙasarsa. Tun 1973 anka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta sa harsunan ƙasa cikin harsunan koyarwa. Kundin da anka kafa a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne. Ba mu ƙi yaro ya koyi harshen waje ba, ya koyi 3 ma in zai iya. Amma takardar da za ka aika wa uwa, ka aika da harshen da take ji, Hausa ne ko Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci ko Buzanci. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

ABIN DA MUKE NEMA

Surutu ya isa. Ga aikin da muke ɗora wa kowane reshe.

1. Kowane reshe ya zaɓi mutum 2, mace da namiji, su zagaya makarantun ƙanana na garinsu, na gwamnati da na kuɗi da waɗanda jama'a sunka kafa. Su gaisa da malamai cikin ladabi. Su rubuto yawan yara, da halin ruwa, da inuwa, da makewayi.

2. Kada a karɓi ko dala daga hannun iyaye da sunan bikin ƙauna, kowace rana ce. Duk wanda anka aiko masa irin wagga takarda ya kawo ta taron reshe, mu tafi tare mu ga darakta.

3. Kowace makaranta ta ware Ranar Zumunci sau ɗaya a wata 3. Kwamitin makaranta, wato Kojes, da ƙungiyar iyaye, da ƙungiyar iyaye mata su zauna da malamai su sa ranar. A kauce wa ranar kasuwa, don mai talla da mai tuya su samu zuwa.

4. Ranar, ƙofa a buɗe take. Kowane yaro ya zo da babba guda daga gidansu: uwa, uba, kaka, yaya, kawu, ko maƙwabciya. Yaron da ba shi da mai zuwa, reshe ya ba shi. Ɗa na kowa ne. Kada a fara sai an tabbata ba yaron da ke zaune shi kaɗai.

5. Abin da za a yi, da abin da ke hannunmu za a yi shi. Kaka ta yi tatsuniya. Maƙeri, masaƙi, maginiya da baduku su nuna kayan aikinsu, yara su taɓa, su faɗi sunayensu. A gina shanu da tukwane da laka, a yi mota da karan dawa, a yi 'yar tsana da tsumma. Kowane yaro ya yi abu guda da hannunsa ya ba wanda ƙuri'a ta faɗa masa, don kowa ya bayar kowa ya karɓa. A ƙirga da gyaɗa da dabino, in an gama a cinye tare.

6. Abinci a kwano guda. Mai ƙosai ta kawo ƙosai, mai fura ta kawo fura, wanda ba shi da komi ya kawo tabarma ko ya ɗebo ruwa. Ba a kiran sunan wanda ya kawo, ba a tafa wa kowa don yawan abinsa.

7. Kafin a watse, a ɗauki yaran a je gaishe da tsoho guda ko marar lafiya guda a unguwa. Su koyi sallama, su koyi durƙusawa, su ga yadda fuskar mutum ke washewa in an tuna da shi.

8. Malama ta ziyarci gidan kowane yaro aƙalla sau ɗaya a shekara, ba don kai ƙara ba. Reshe ya ba ta 'yar rakiya, ya biya mata kuɗin kabu-kabu.

9. Bulala da zagi su fita daga ajin ƙanana. Ba a koya ƙauna ranar Talata a yi dukan kawo wuƙa ranar Laraba.

10. Inda babu makarantar ƙanana ko kaɗan, kuma garuruwanmu da yawa haka suke, reshe ya kira gayya. In mutanen Villa Cella sun gina da tubalin kango, mu ba mu rasa laka da kara da azara ba. Mu gina, sa'an nan mu je mu nemi malama daga hukuma da bakin da ya isa.

'Yan'uwa, kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Mafi yawan ƙananan ba su taɓa taka lambun yara ba. 'Yan kaɗan da sunka samu shiga, kada mu bari darasinsu na fari ya zama cewa so da kuɗi ake saye, kuma uwa baƙuwa ce a wurin ilimi. Yaron da ya ga an tsai da uwarsa a bakin ƙofa yana da shekara 4, shi ne zai tsai da talaka a bakin ofis yana da shekara 40. Mun ga irinsu, mun sha wuyarsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ita kuwa mai ƙosai, reshe ya yanke shawara. Ba za ta biya jikka 2 ba. Ranar 14 ga wata za ta sa tufafinta na kullum, ta riƙe hannun ɗiyarta, mu 5 mu raka ta. Za mu yi sallama, mu gaishe da malama, mu nemi a shimfiɗa mana tabarma a bayan aji. In an buɗe, mun gode, za mu kama aiki. In an ƙi, za mu komo mako mai zuwa mu 20.

A karanta wagga takarda da ƙarfi a taron kowane reshe, don wanda bai iya karatu ba ya ji. A karanta ta a taron mata. In kun gama, kada ku naɗe ƙuli-ƙuli da ita, ku miƙa ta ga garin da ke gaba. Sakataren kowane reshe ya aiko mana da labarin abin da anka yi kafin ƙarshen wata.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A BUƊE ƘOFAR AJI!
UWA BA BAƘUWA BA CE!
ƊA NA KOWA NE!

Allah shi raya mana ɗiyanmu, shi taimaki talaka.